Kun Kori Doki, Kun Kawo Butar Shayi

A kan tudun da ke arewa maso gabas da gidan Chatsworth, a lardin Derbyshire na Ingila, akwai wani ginin dutse mai kusurwa huɗu, kowane gefensa ya kusa mita 58. Ƙofarsa kaɗai ta isa kallo. Manyan ginshiƙai huɗu ne suka ɗauke ta, a samansu an sassaƙa tambarin gidan da barewa biyu masu girman na gaske, an dasa musu ƙahonni na gaske, can ƙololuwa kuma ga hasumiyar agogo. Baƙon da bai sani ba sai ya fara gyara hula, ya ɗauka fadar ce ya iso. Barga ce. James Paine ne ya zana ta, aka soma gininta a 1758 don Duke na huɗu na Devonshire. An yi ta ne don dawaki 80, da maƙera a ciki, da rumbunan hatsi da ɗakunan 'yan barga a bene. Dokin ƙarshe ya bar wurin a 1939. Yau idan ka kutsa ta wannan ƙofa, ƙamshin gahawa ne zai tarbe ka, da ƙarar cokula, da kantin tsaraba.

Kuma ba Chatsworth kaɗai ba. Je ka Wimpole kusa da Cambridge, je ka Harewood kusa da Leeds, ko Houghton a Norfolk, labarin bai canza ba. A yawancin irin waɗannan tsofaffin gidajen masu sarautar karkara, da zarar motar baƙi ta tsaya sai a nuna musu hanyar barga, don a can ban-ɗaki yake, a can ake sayar da biskit da zuma da tawul mai hoton gidan. Babban gidan kuwa an kewaye kujerunsa da igiya, ba a yarda ka taɓa ko labule ba, an rage hasken fitila don kada launin darduma ya koɗe. Zamani ɗaya aka gina su, sau da yawa ma magini ɗaya, amma ɗaya ana riritawa, ɗaya an mai da shi kasuwa.

Masu kula da gidajen, ko iyalan da suka gada ko ƙungiyoyin da aka damƙa wa amana, amsarsu a bakinsu take: ai mun ceci ginin. Me kuka ceta? Bango huɗu, ƙofa da agogo. Kun yi wa barga abin da ake yi wa rago, a feɗe shi, a kwashe nama da kayan ciki, sannan a cusa wa fatar ciyawa a tsayar a bakin ƙofa a ce da jama'a ga rago nan da ransa. Ha'inci ne, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya.

Gwanintar barga a ciki take. Duk maginin da ya iya kwaikwayon zanen shahararren magini Palladio zai iya jera ginshiƙai a fuskar gini. Abin da ke da wuya shi ne ka tara dabbobi 80, kowace nauyinta ya kusa rabin tan, a ƙarƙashin rufi ɗaya, a ƙasar da ake wata da watanni cikin sanyi da yayyafi, kuma su riƙa wayar gari lafiya. Doki ɗaya yana shan ruwa lita 30 ko fiye a yini, yana kasayar da kusan kilo 20, ban da fitsari. Ninka wannan sau 80: sama da tan ɗaya da rabi na kashi kowace rana ta Allah, wanda dole a fitar, ga ruwan da dole a shigo da shi, ga zarnin da in ya taru yake cin huhun doki da idonsa. Wannan lissafin ne ya faɗa wa magini inda zai sa ƙofa, da tsayin da zai ba taga, da yadda daɓe zai gangara.

A fara da daɓen, tunda shi ake fara tonewa in za a kawo tebura. A ƙarni na 18 kowane doki yana da gurbinsa, faɗinsa bai cika mita biyu ba, an raba shi da maƙwabcinsa da shingen katako mai kauri, kansa na fuskantar bango. Daɓen gurbin yana ɗan gangarowa baya zuwa wata kwata da ta bi tsawon ɗakin, don fitsari ya gudu. In gangaren ya yi kaɗan, fitsari ya kwanta, kofato ya ruɓe. In ya yi yawa, doki ya yini ya kwana a tsaye a kan tudu, jijiyoyin ƙafafunsa na baya su sha wahala. An daɗe ana gardama a kan wannan 'yar tazarar. An gwada duwatsun rafi, an gwada ƙananan bulo masu tauri da ake shigowa da su daga Holan, daga baya aka koma wa shuɗin bulon Staffordshire mai tsaga-tsaga, wanda ba ya shan ruwa kuma takalmin doki ba ya sulɓewa a kansa. Wanda ya iya karatun daɓe zai gaya maka shekarun barga kafin ya ɗaga kai. Sai kawai a zo da siminti a shafe, a shimfiɗa tayil mai santsi, don ƙafar kujera ba ta zama daidai a kan tsaga.

Ɗaurin ma da hikimarsa. Ba a ƙulle igiyar doki a jikin zobe. Ana zura ta ne ta cikin zoben da ke jikin komi, a rataya wani dunƙulen katako mai nauyi a ƙarshenta. Doki ya matso, katakon ya ja rarar igiya ƙasa. Ya ja baya, igiya ta biyo shi. Ta haka ba za ta taɓa yin lankwasar da zai saka ƙafa a ciki ya karye ba. Ƙaramin abu ne, amma ya fi tambarin da ke bakin ƙofa amfani ga doki sau dubu.

Sai maganar ciyawa. Tsohon tsari shi ne a ajiye ta a bene, daidai saman dawaki, a riƙa turo ta ta wata kafa zuwa cikin ragar da ke maƙale a bango sama da kan doki. Ga ɗan barga sauƙi ne, kuma ciyawar tana riƙe ɗumi. Ga doki kuwa azaba ce: ƙura da ƙaiƙayi suna zuba masa a ido duk lokacin da ya miƙa wuya, tururin zarni kuma yana hawa ya shige cikin abincin da zai ci gobe. Bayan an kafa makarantar likitancin dabbobi a Landan a 1791, maganar iska da tsafta ta fara ƙarfi, kuma cikin ƙarni na 19 aka ga canjin a jikin gini. Aka sauko da ragar ciyawa daidai ƙirji. Aka huda hanyoyin iska daga ɗaki zuwa ƙananan hasumiyoyi a kan rufi, waɗanda mai wucewa ke ɗauka ado ne alhali numfashin ginin ne. Aka ɗaga tagogi sama don haske ya shigo ba tare da iska ta bugi dabba ba. Dawakin farauta da na sukuwa aka daina ɗaure su, aka ba kowanne ɗakinsa mai kimanin mita uku da rabi, ya juya ya kwanta yadda ya so. Kamfanoni irin Musgrave na Belfast suka riƙa ƙera komi da shinge na ƙarfen zubi suna aikawa ko'ina. Har launin tayil ɗin da ake mannawa a gaban doki sai da aka yi tunani a kansa, aka fi son kore ko wani launi mai sanyi, don a ganinsu fari fat yana gajiyar da idon dabbar da za ta yini tana kallonsa. Ɗakin sirdi kuma shi ne mai murhu, bangonsa lulluɓe da katako, saboda fata ba ta shiri da danshi. Kwana kaɗan ta yi fumfuna.

Duk wannan ilimi ne na shekara ɗari biyu da ɗoriya, an rubuta shi da bulo da ƙarfe da katako. Shi ne abin da ake zubawa a motar shara. A wuraren da aka ji kunya aka bar gurbi biyu ko uku, sai ka tarar an mai da su kantar jera kaya, kwalaben zuma a cikin komi, huluna a rataye a zoben ɗauri. Wai an girmama tarihi ke nan.

Da dokin aka kori mutanensa. Barga irin ta Chatsworth ƙaramin gari ce: akwai shugaban masu tuƙa keken doki, akwai babban ɗan barga da na ƙasa da shi, akwai maƙeri, akwai yaran da ke hawan dawakin gaba in za a yi tafiya, akwai ƙananan yara masu kwasar kashi. Tun duku-duku suke tashi, su share, su ba da ruwa, su goge doki har ya yi sheƙi, su wanke keke, su shafa wa linzami da sirdi mai. Da dare su hau bene su kwanta daidai saman dabbobin, don in ciwon ciki ya kama doki cikin dare a ji bugun ƙafarsa. Gwamnati ma ta san da zamansu, tunda a 1777 ta sa haraji a kan barori maza, masu tuƙi da 'yan barga na ciki, a 1784 kuma ta sa wa dawakin hawa nasu. Mai karɓar haraji ya ƙirga su. Mai rubuta allon bayani ga baƙi ya manta da su. Ɗakunan kwanansu yau ofis ne, ko ma'ajiyar kwali, ko an gyara ana ba 'yan hutu haya a farashin da ɗan barga bai taɓa gani ba a albashin shekara. Agogon nan da ake ɗaukar hoto a gabansa don su aka kafa shi. Maigida yana da nasa a aljihu. Na kan barga na ma'aikata ne, shi ke tashinsu, shi ke sallamarsu.

Marubuta tarihin gini su ma suna da kaso a wannan laifi, kuma kasonsu ba ƙarami ba ne. Shekara da shekaru in sun zo kan barga sai su tsaya a ƙofa. Za su gaya maka cewa Roger Morris ya kwaikwayi cocin da Inigo Jones ya gina a Covent Garden lokacin da ya yi fuskar bargar Althorp wajen 1732, za su auna maka ginshiƙai, su faɗi salonsu, sannan su juya su koma falo wajen hotuna. Littafin Giles Worsley na 2004 a kan bargar Birtaniya ya yi ƙoƙarin gyara wannan, kuma har yau shi ake komawa gare shi, amma ya zo ne bayan an riga an yi ɓarna mai yawa. Abin da masana ba su ɗauka da daraja ba, mai gida ba zai ji nauyin tumɓuke shi ba. Dokar kare tsofaffin gine-gine ta Ingila ta shafi ciki da waje, kuma tun 1968 sai da izini ake taɓa ginin da ke cikin rajista. Sai dai izini mutane ne ke bayarwa, kuma mutumin da aka koya masa cewa darajar barga a fuskarta take, da sauƙi zai sa hannu a cire cikinta.

Akwai wani abin da butar shayi ke rufewa, wanda ya fi daɓe da komi nauyi. Waɗannan gine-gine shaida ne a kan masu su. Mutum yana iya yin ƙarya a falonsa, ya cika shi da littattafan da bai karanta ba. A barga ake gane abin da yake so da gaske, da wanda ya fifita a kan wa. Duke na uku na Richmond ya sa William Chambers ya gina masa barga a Goodwood daga 1757, wadda ta fi gidan da yake zaune a lokacin kwarjini. Bayan shekara talatin ya sa James Wyatt ya gina wa karnukan farautarsa masauki mai na'urar ɗumama ɗaki, tun da daɗewa kafin gidan mutane ya samu irinta. Robert Walpole, wanda ake ɗauka firaministan Birtaniya na farko, ya tashi ƙauyen Houghton ɗungurungum wajen 1729 ya mai da shi bayan ƙofar gandunsa don kada ya ɓata masa kallo, sannan tsakanin 1733 da 1735 aka gina wa dawakinsa barga mai rufin baka na jan bulo, a cikin gandun. Talaka a waje, doki a ciki.

A Faransa abin ya fi haka. A Chantilly, arewa da Faris, Yarima Louis-Henri na gidan Condé ya sa Jean Aubert ya soma gini a 1719: tsawo mita 186, ƙubba a tsakiya mai tsayin kusan mita 28, wurin dawaki 240 da ɗaruruwan karnuka. Ana ba da labarin wai ya yi imani zai dawo duniya a matsayin doki shi ya sa ya gyara wa kansa masauki. Tatsuniya ce mai daɗin faɗi, kuma masu yi wa baƙi jagora suna sonta don tana ba da dariya. Abin da ba ya ba da dariya shi ne yariman yana cikin waɗanda suka kwashi ƙazamar riba a cacar hannun jarin John Law, wadda ta fashe a 1720 ta bar dubban mutane hannu rabbana.

Ta Harewood kuwa ta shafe mu kai tsaye. John Carr ya gina bargar tsakanin 1755 da 1758, kafin ma a aza harsashin babban gidan a 1759. Wato mai gidan, Edwin Lascelles, ya fara da dawaki. Kuɗin kuwa daga tsibirin Barbados suka fito, inda mahaifinsa Henry ya tara dukiya da harkar kwastan da sukari da bayi, mutanen da aka kwaso daga gaɓar Afirka ta Yamma. Da Birtaniya ta soke bauta da dokar 1833, iyalin suka karɓi diyyar sama da fam 26,000 a kan mutum 1,277. Masu bayin aka biya, bayin ko sisi. A yi wa zuriyar yanzu adalci, ba su ɓoye wannan ba, sun buɗe takardunsu ga masu bincike. Amma baƙon da ya zauna a tsakar wannan barga yana juya sukari a kofinsa, wane abu ne a kewayensa zai tuna masa cewa sukari ne ya aza duwatsun da ya jingina da su, kuma an gina wa doki ɗakin dutse da gumin mutanen da ke kwana a bukka? A 2020 ƙungiyar National Trust ta fitar da rahoton da ya nuna 93 daga cikin wuraren da take riƙe da su suna da alaƙa da bauta ko mulkin mallaka, aka yi ta ce-ce-ku-ce a jaridu. Barga ce wurin da ya fi dacewa a yi wannan magana, domin a nan ne mutum zai ga bambancin da idonsa ba sai an yi masa wa'azi ba. Sai aka zaɓi a sayar da kek a wurin.

Na san abin da za a ce. Rufi yana yoyo, gyaran dalma da katako yana cin miliyoyi, doki ba ya kawo kuɗi, shayi yana kawowa. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramar gaskiya ba. Mota ta kashe aikin barga tun farkon ƙarni na 20. A makonnin farko na yaƙin 1914 sojoji suka kwashe dawaki sama da 100,000 daga gonaki da gidaje, yawancinsu ba su dawo ba, haka ma da yawa daga samarin da ke kula da su. Harajin gado ya biyo baya. An ƙiyasta cewa a 1955 duk bayan kwana biyar ana rushe babban gida ɗaya, har sai da baje kolin da aka yi kan wannan rushe-rushe a gidan tarihi na Victoria da Albert a 1974 ya girgiza mutane. A cikin wannan annoba barga ce sau da yawa ta tsira, don ta fi ƙwari kuma ta fi sauƙin juyawa. An rushe gidan Clumber a 1938, bargarsa na nan. Gidan Studley Royal ya ƙone a 1946, aka koma cikin barga da zama. A Wandlebury kusa da Cambridge an rushe gidan a shekarun 1950, amma bargar na tsaye, kuma a ƙarƙashin bakan ƙofarta kabarin ingarman nan Godolphin yake, wanda ya bi ta Tunis da Faransa kafin ya iso Ingila, ya mutu a 1753, ɗaya daga ingarmu uku da dawakin sukuwar Turawa suka samo asali daga gare su. Babu mai hankalin da zai ce gara a bar gini ya faɗi da a sa masa wani aiki.

Amma uzurin 1955 ba ya aiki a yau, kuma kun sani. Gidan da ke karɓar dubban ɗaruruwan baƙi a shekara ba shi cikin halin ci ko mutuwa. Barga mai fukafukai huɗu tana da wurin keken doki, da rumbu, da wurin wanki, manyan ɗakuna waɗanda dama fili ne, ana iya saka kicin da tebura ba tare da an cire ƙusa ɗaya daga gurbin doki ba. Abin da ya hana a bar layi guda cikakke ba talauci ba ne, lissafin kujeru ne. Kowane gurbi da aka bari tebur ɗaya ne aka rasa. Ku faɗi haka mana, ku daina fakewa da guzuma kuna harbin karsana. Mutanen Brighton da suka mai da bargar Yarima mai jiran gado zauren kiɗa, ko na Buxton da suka mai da tasu asibiti a ƙarni na 19, ba su yi wa kowa ƙarya ba. Sun ce aiki ya canza, gini ya canza. Ku ne kuke karɓar kuɗin ƙofa da sunan adana tarihi.

Kuma an nuna ana iyawa. A Seaton Delaval, arewa da Newcastle, gobarar 1822 ta cinye tsakiyar gidan da Vanbrugh ya zana, amma bargar da ke reshen gabas tana nan da gurabenta na sassaƙaƙƙen dutse, da sunayen dawakin a saman kowane gurbi, kuma mutane suna tsayawa a cikinta fiye da yadda suke tsayawa a falo da yawa. A Manderston ta Sikotilan, wadda John Kinross ya gina wa Sir James Miller a 1895, shingayen katakon tik da ginshiƙan tagulla da allunan marmara masu sunayen dawaki, duk da harafin M suka fara, suna nan yadda aka bar su. Almubazzaranci ne tsantsa, amma ga shi a fili kowa ya gani ya yanke hukunci. A Audley End an dawo da dawaki masu rai cikin barga, da masu kula da su, yaro ya shiga ya ji warin, ya ga yadda ake ɗaura sirdi. Chantilly ma, wadda juyin juya halin Faransa ya rushe fadarta ya bar bargar don sojoji na amfani da ita, tun 1982 akwai dawaki a ciki da gidan tarihin doki. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya rufe saboda rashin isassun tebura.

Kada mai karatu na gida ya yi dariya da yawa. Mu da har yanzu dokinmu yana raye, sarautar Shamaki tana nan, hawan sallar Kano ya shiga rajistar UNESCO a 2024, halinmu bai yi nisa da nasu ba. Ranar hawa kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar kayan doki da alkyabba. Mu nawa ne muka taɓa leƙa inda dokin ya kwana, muka tambayi dalilin da ya sa aka kafa turke a nan ba can ba, ko me ya sa ake zuba yashi, ko ta ina iska ke ratsa rumfa a watan bazara, ko ina ake ajiye harawa da dusa da kanwa? Ɗaliban zanen gini suna zuwa Gidan Makama da masallacin Zariya na Babban Gwani su auna baka da azara. Barga kuwa, ranar da aka tashi gyara, sai bulo da kwano, dokin ya gasu a ciki, a ce an ci gaba. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, an san abin da ake yi.

Yanzu ido yana kan Wentworth Woodhouse, kusa da Rotherham. John Carr ne ya gina bargarta daga ƙarshen shekarun 1760 don Marquess na Rockingham, wurin dawaki 84, girmanta har baƙi kan ɗauka ita ce gidan. Ta sha wuya. Bayan yaƙin duniya na biyu gwamnati ta sa aka haƙi kwal har kusa da ƙofar gidan, sannan kwalejin horar da malaman motsa jiki ta zauna a wurin shekaru da dama, ta yi wa bargar gine-ginenta, daga baya aka bar ta ga ruwan sama da tantabaru. Wata ƙungiyar amana ta sayi wurin a 2017, ta fara gyara, kuma aikin da ta yi wa rufin babban gidan abin yabo ne. Sai dai cikin shirin da aka sanar game da bargar, ga kicin nan, ga wurin shan shayi.

Wannan Rockingham ɗin shi ne ya sa George Stubbs ya zana masa ingarmansa Whistlejacket wajen 1762, hoton nan mai girman doki na gaske, ya ɗaga ƙafafun gaba, babu mahayi, babu komai a bayansa. A 1997 gidan hotuna na ƙasa da ke Landan ya saye shi a kan fam miliyan 11. Bayan shekara ashirin aka sayar da gidan kansa, da ɗakunansa sama da 300, da bargar, da filin da ke kewaye, a kan fam miliyan 7. Ƙasar da ta iya biyan wancan kuɗin don hoton doki ba ta da bakin cewa ba ta da halin barin layi ɗaya na gurabe a Wentworth, ko sake kafa shi in kwaleji ta riga ta cire, da kwatarsa, da kominsa, da zoben ɗauri, da matakalar da ke hawa ɗakin yaran barga, da littafin albashinsu a buɗe a kan tebur kowa ya karanta nawa ake biyansu a shekara. Masu shayi su matsa zuwa wurin keken doki, akwai fili.